Makin Ɗangiwa a Bangon Tasha

A tashar motar Tambuwal, in ka ce kana neman Nu'umanu sai a yi ta kallon juna. In ka ce Ɗangiwa kuwa, har mai rake zai nuna maka farar bas ɗin da ke lodin Kebbe a gindin darbejiya. Mutum ne ƙato, mai tafiya a hankali da gajeren haƙuri. Ba ya kunna rediyo a mota, ba ya hira in yana riƙe da sitiyari, kuma ya sha sauke fasinja a hanya don ya ce masa ya ƙara wuta.

Haifaffen Dogon Daji ne, ɗan manomin gero. Hannun kawunsa ya koyi tuƙi, a babbar motar da ke kai albasa Kudu. Da ya gaji da rayuwar titi sai ya auri Mu'minatu, ya zauna Tambuwal, ya kama hanyar Kebbe, wadda direbobi da yawa ke gudu saboda gargada da ramuka. Bai tara dukiya ba. Taƙamarsa a da ɗaya ce a duniya: shekara talatin da huɗu yana tuƙi, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Tsofaffi da masu ciki sukan bar motar da ta kusa cika su zauna jiran tasa.

Abin da ya haɗa shi da inshora gobara ce. Motar amininsa Atiku ta kama wuta a kan hanya, Allah ya tsare rayuka, amma ta ƙone ƙurmus. Atiku ya ɗauki takardar inshorar da ya saya hannun wani mai tebur a Sakkwato, ya yi ta yawo da ita, ba a sami kamfanin da ya san ta ba. Yau Atiku kabu-kabu yake yi da furfurarsa. Ɗangiwa ya rantse shi sai ya yi ta gaskiya, ko nawa ce.

Ana haka sai ga Gazali, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya gama karatu ya sami aikin wakilin wani kamfanin inshora. Shugaban direbobin tashar, Alhaji Attahiru, ya tara masa mutane, ya nuna musu wata 'yar baƙar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba. A ƙarƙashin sitiyari ake saka ta, ta riƙa kai wa kamfani rahoton tuƙin mutum. Wanda ya yi tuƙi mai kyau a rage masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shekara.

"Baba, don irinku aka yi abin nan," in ji Gazali.

Ɗangiwa ya juya ta a tafinsa. "Mi taka gani?"

"Gudu, da taka birki, da yadda ake murza sitiyari."

"To a sa. Ba ni da abin ɓoyo."

Direbobi goma sha ɗaya suka karɓa. Ƙarshen wata Alhaji Attahiru ya manna takardar sakamako a bangon ofishin tasha, don kamfanin ya sa kyautar buhun shinkafa ga wanda ya zo na ɗaya. Ɗangiwa ya dawo daga Kebbe da la'asar ya tarar da mutane sun yi cincirindo a wurin, da suka gan shi kuma sai suka dare. Bokonsa ba mai yawa ba ne, amma ya san sunansa kuma ya san lamba. Sunan nasa ne na ƙarshe, maki arba'in da ɗaya cikin ɗari, da jan layi a ƙarƙashi. Wani ya karanta masa abin da aka rubuta a gefe: matuƙi mai haɗari.

Na ɗaya kuwa Ziyad ne, maki casa'in da biyu. Ziyad hanyar Sakkwato yake bi, kwalta sumul. Duk tashar an san yana wuce mota a kan kwana, yana tuƙi da waya a kunne, yana cusa mutum biyar a kujerar huɗu. Na'urar ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗangiwa bai ko zauna cin abinci ba, ya wuce zauren su Gazali.

"Wa yab ba ƙarfen ga ikon zagina gaban mutane?"

Gazali ya miƙe tsaye, ya buɗo waya. "Baba, ba zagi ba ne, lissafi ne. Ta ce ka taka birki da ƙarfi sau ɗari da sittin, ka kauce ba zato sau ɗari biyu da wani abu. Akwai kuma wani wuri da kullum kake wuce ƙa'idar gudu."

"Na san wurin. Dajin da anka tare mutane bara na. Kai in kana ciki, so kaka yi in yi rarrafe nan? Birkin kuma, shanu nika taka ma shi, da yara, da 'yan babur. Ramin da nika kauce ma, in ka faɗa ciki sai an sa maka tsani."

"Ita ba ta san da rami ba, Baba."

"To abin da bai san rami ba, mi yas sani ga tuƙi?"

Da maganar ta tsaya nan, da ya yi faɗansa ya huce. Amma 'yan kamasho suka mai da abin wasa, suna kiran lodi suna cewa a zo ga motar mai arba'in da ɗaya. Ranar kasuwa wata mata da ya shekara goma yana ɗauka ta ji bayanin, ta sa aka sauke mata buhunta a gaban idonsa. Ya koma gida ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Mu'minatu ta ce ya cire abin ya jefar, wanda ya san shi ya san shi. Ya ce a'a, in ya cire yanzu cewa za a yi ya gudu. Sai ya nuna wa kamfanin, da tashar, da ƙarfen kansa.

Sai ya fara tuƙi don na'ura. Yakan taɓa birki kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Ramin da a da yake kauce wa da murza ɗaya, yanzu sai ya shiga a hankali ya fito, mota na kuka, fasinja na buga kai da rufi. A dajin nan ya rage gudu, tsofaffi na salati ƙasa-ƙasa suna leƙen bishiyoyi. Cikin kwana tara ya karya wa motar sifirin ɗaya, ya fasa wa wani tukwane shida. Shi da ya saba idonsa na kan hanya, hankalinsa ya koma ƙarƙashin sitiyari.

A rana ta goma, da hantsi, ya kusa Kebbe sai garke ya ratsa hanya. Ya gan su tun daga nesa, ya lissafa zai isa bayan sun wuce. Sai wani ɗan maraƙi ya fito daga bayan geza yana bin uwarsa. Ƙafar Ɗangiwa ta san abin yi, ta yi shi sau dubbai. Amma a wannan karon sai da ya tuna da maki kafin ya danna, ya danna kuma da sassauci. Ɗan jinkirin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Motar ta tsaya lafiya lau, ba ko girgiza, bayan ta karya wa maraƙin ƙafafun baya.

Dabbar ta Inno ce, wata tsohuwar Bafillatana da ke shiga motarsa da ƙwaryar nono tun tana goyo. Ta zo ta durƙusa ta dafa wuyan maraƙin, sannan ta ɗaga kai ta ga mai motar.

"Ɗangiwa, kai na? Da an ce mani, sai in ce ƙarya aka yi maka."

Ɗangiwa ya sauko daga motar. Ya nemi wuƙa hannun wani fasinja ya yanka maraƙin kafin ya mutu, ya biya ta abin da dattawan ruga suka yanke, bai nemi ragi ba. Yana wanke hannu a bakin hanya wayarsa ta yi ƙara. Wani malamin makaranta da ke cikin motar ya karanta masa saƙon: kamfani na taya shi murna, tuƙinsa ya gyaru, makinsa na wannan mako saba'in da takwas.

Washegari da sassafe ya tsaya ƙofar gidan su Gazali ya yi ta danna oda har ya fito. Ya ce ya shiga gaba, yau Kebbe za shi. Gazali ya fara maganar aiki, ya dubi fuskar Ɗangiwa, ya shiga. Ɗangiwa ya yi tuƙinsa na da. Kafin su yi rabin hanya Gazali ya riƙe ƙofa da hannu biyu, kuma sau uku shi da bakinsa yana cewa, "Birki, Baba, birki," a wuraren da ƙafar ta riga shi. Da suka sauka a Kebbe ya roƙi ruwa ya wanke fuska.

"Ka gani," in ji Ɗangiwa. "Yanzu rubuta musu abin da kag gani. Ka ce da ɗan mutum ne yaf fito bayan gezar nan, su za su tai su yi ma uwatai bayani?"

Gazali ya rubuta, har da hotunan hanyar, kuma a yi masa adalci, ya bi maganar har ofishinsu na Sakkwato. Amsar ta ɗauki mako biyar. Sun ce sun gode da shawara. Sun ce a taswirarsu hanyar Tambuwal zuwa Kebbe hanya ce kamar kowace, ba kuma za a sauya ma'auni saboda mutum ɗaya ba. Suka ƙara da cewa in direban na son makinsa ya hau, yana iya duba yiwuwar sauya hanya.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta fi ƙona masa rai, har yau in ya tuna ta sai muryarsa ta sauya. Ya kai motar wurin mai wayarin aka ciro na'urar, ya sa ta a leda ya miƙa wa Gazali a gaban Alhaji Attahiru. Ya ce inshora yana nan a ciki, don ya ga abin da ya sami Atiku, amma zai biya cikakken kuɗi, ba ya son rangwamen da za a saya da ƙafarsa. Ya kuma gaya wa Alhaji Attahiru cewa duk ranar da aka sake manna sunansa a bango, shi da hannunsa zai yage takardar.

Shawarar da ya ƙi, wasu sun karɓa. Direbobi huɗu ne ke zuwa Kebbe cikin masu na'urar, uku sun koma layin Sakkwato, makinsu ya hau, kuɗinsu ya sauka. Yanzu ranar kasuwa mutanen Kebbe kan yi awa biyu a rana suna jiran mota, ko su hau babur da buhu a cinya. Gazali ya bar aikin a wannan shekarar, yana koyarwa a wata firamare. Matar da ta sauke buhunta ta dawo shiga motar Ɗangiwa, ko don ba wata, ko don ta gane, bai tambaye ta ba. Shekararsa sittin da ɗaya bana, gwiwa ta fara damunsa, kuma yana yin sawu biyu a rana maimakon ɗaya, yana faɗa tun daga Tambuwal har Kebbe.