Takalmi Mai Yatsu Biyar Ya Kusa Kashe Auren Ɗiyata

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ɗan kasuwa ne a Filinge, mai shagon atamfa da shadda, mutum mai tumbi da mutunci, wanda ko ruwan sama bai taɓa sa shi ɗaga ƙafa da sauri ba. Sai lokotoro ya auna ni, ya ce jinina ya hau, in ban fara motsa jiki ba zan bar shagon ga magada. Na tsorata, wallahi. Ina cikin wannan tsoro na ci karo da wani bidiyo a salula, wani bature yana bayani wai takalmi mai kaurin tafi shi ke lalata ƙafa, gudu na asali shi ne mutum ya dinga sauka a kan gaban ƙafarsa, da takalmi marar nauyi mai kama da safa. Maganar ta shige ni. Na aika Yamai anka kawo mini irinsa, baƙi, da gidan kowane yatsa daban. Uwar yara ta juya shi, ta tambaye ni ko safar hannu ce ta biri, ban kula ta ba.

A daidai lokacin ne wani yaro ɗan Damana ke neman ɗiyata ta fari. Yaron kirki, ita ma tana son shi ƙwarai. Abin da ya rage kawai manyansa su zo su ga gidanmu, su bincika asali kamar yadda anka saba, sunka ce ranar kasuwa za su shigo. Ni kuwa da safiyar ranar na ce bari in ɗan taɓa gudun kafin baƙi su iso. Na sa gajeren wando da singileti, na bi bakin hanya ina sanɗa a kan yatsu, tumbi na gaba ina biye da shi. Abin da baturen bai faɗa ba shi ne, a ƙasarsu babu karangiya. Kaka ce, ta bushe ƙayau. Ina ratsawa gefen wata gona ta rufe mini ƙafafu har gwiwa, sannan ƙayar aduwa ta huda tafin takalmin ta shige ni. Wayyo Allah! Na kurma ihu, ina tsalle da ƙafa ɗaya, ina dukan cinyoyina, ina zagin baturen da ba ya nan. Sai ga mota ta rage gudu, dattawa masu rawani sunka leƙo suna salati. Daga nesa takalmin nan ba ya ganuwa, ƙafa ce tsirara kawai.

Da hantsi na yi wanka, na sa babbar riga, na fito zaure tarbon baƙi ina ɗingishi. Su ne dattawan cikin motar nan. Babban cikinsu, yayan uban yaron, ya dubi fuskata, ya dubi ƙafata, ya ce ai sun tuna da wata lalura, za su dawo. Ko ruwa ba su sha ba. Kafin la'asar labari ya zo cewa ba za su haɗa jini da gidan da iska ke kaɗa uba ba. Ɗiyata ta shige ɗaki tana kuka, ta daina cin abinci. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Na ɗauki takalmin na tafi Damana in wanke kaina. Na yi musu bayanin gaban ƙafa da diddige, har na tashi na gwada musu a tsakar zaure. Dattijon ya tambaye ni a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya, ko wani abu ne ya biyo ni ranar. Na ce babu. Ya ce to gudun mi nike yi? Na ce na lafiya. Sunka dubi juna, wani ya matsa kusa da ƙofa. Ashe ƙara tabbatar musu na yi.

Uwar yara ce ta gyara ɓarnar. Ta je wurin matan gidan, ta rage murya ta ce kunya ce ta hana ni faɗin gaskiya: gudawa ce ta kama ni da safen nan, na fita da abin da ke jikina ina neman daji, na faɗa karangiya. Nan take hankalinsu ya kwanta, dattijon ya ce ai gudawa ba a gadonta. Da ta dawo ta ce in zaɓa, ko hauka ko zawo. Na dubi ƙofar ɗakin ɗiyata, na zaɓi zawo.

An ɗaura aure lafiya, alhamdu lillahi. Amma ranar ɗaurin, duk wanda ya ba ni hannu sai ya sunkuyo ya tambaye ni ya ciki, wasu har da ƙullin magani. Har yau masu zuwa kasuwa daga Damana da haka suke gaishe ni, ni kuma in ce da sauƙi.

Abin da na koya, motsa jiki ba laifi ba ne, yanzu ma ina tafiya kowace safiya, a hankali, da riga da takalmin mutane. Amma ɗan'uwa, kafin ka ɗauki shawarar mutumin cikin salula, dubi ƙasar da za ka taka da idon da zai gan ka. In kuma kana da ɗiya da ake nema, don Allah ka zauna gida ranar kasuwa.