Baitocin da Na Tsallake

A shekarar da aka yi husufin rana, ana tsakiyar hidimar ƙidaya, wata malamar jami'a daga Samaru ta zo nemana. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam. Ta ji labarin wani tsoho mai gyaran agogo a Muchia da ke rubuta waƙoƙi da ajami, ita kuwa ba ta iya karanta ajami ba. Aikina in juye mata su zuwa boko.

Tsohon abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Wani lokaci yana cikin aiki sai ya ajiye agogo ya yi shiru, hawaye na zuba. In ya dawo hayyacinsa sai ya ɗauki alƙalami. A lokacin 'ya'yansa sun fara maganar kai shi asibitin masu taɓin hankali. Shi ya sa da na iso baitocin da yake cewa ya ga bangon shagonsa ya zama haske, ya ji kowane agogo yana tasbihi, sai na dakata. Na ce a raina, takardar da malamar nan za ta rubuta ita za ta zame musu hujja. Na tsallake su.

Na manta da al'adar marubutanmu ta faɗin yawan baitoci a ƙarshen waƙa. Wannan baitin kuwa da hannuna na juye shi.

"Malam, shi ya ce sittin, ni arba'in da tara na ƙirga," in ji ta a ofishinta. "Ko akuya ce ta cinye sauran?"

Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, tambayoyi ta shiga yi. In abin ya wuce, yana gane mutane? Yana ƙarasa aikinsa? Na ce a irin ranar ma ya fi haƙuri da kowa.

"To ka gani. Mu a fanninmu ba cuta kaɗai muke nema a wurin mutum ba. Akwai sa'ar da mutum kan kai ƙololuwa, ya ji shi da duk halitta abu guda ne, ya dawo ya ƙara natsuwa. Ciwo kuwa rushe mutum yake yi. Ko daga Allah ne abin da yake gani, wannan ba hurumina ba ne. Amma abin da ka cire shi nake so in zauna da 'ya'yansa a kai."

Sai da na yi kwana uku kafin na iya zuwa shagon. Na tarar da babban ɗansa a wurin, duk da haka na faɗi abin da na yi.

"Kai ma ka ɗauka na zare ne?" in ji Baba.

"Tsoro na ji maka, Baba."

"Mai juyi amana aka ba shi, ba gyara ba. Baiti goma sha ɗaya nake bin ka. Zauna."

Na zauna a kan benci, ya miƙo mini takardun ya ce in rera da ƙarfi. Na rera, masu wucewa suna waiwaye. Ɗan nasa ya sunkuyar da kai har na gama. Can ya tambaye ni wace rana malamar za ta zo, ya ce ba za su kai Baba ko'ina ba sai sun saurare ta.

Baba ya karɓi takardunsa ya mayar cikin gafaka.

"Ka biya," ya ce. "Tashi mu je, an kira la'asar."