Teloli Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da shida ke nan Inna Tafireta tana buga wa ɗalibai kundin bincike a wani ɗan shago da ke bayan katangar jami'a. Tafiretar da ta ja mata sunan ta daɗe da mutuwa, kwamfuta ta gaje ta, amma suna ya ƙi sakinta. Ita ko sakandare ba ta gama ba. Sai dai ɗaliban sashen tattalin arziki duk wurinta suke zuwa, don haka babu abin da bai bi ta ƙarƙashin yatsunta ba: dalilin tashin farashin ƙwai, yawan tumatirin da ke ruɓewa kafin ya isa kasuwa, awoyin da ma'aikata ke ɓatawa a tashar mota. Idan gardama ta kaure a layin shagunan, ita ake kira ta raba, takan kuwa raba har da lambar shafi.

Akwai abin da ta sani wanda ba ta cika faɗa ba. Takardar tambayoyin da ta je wurin mutane da gaske takan dawo a yamutse, da maiƙo, da shatin yatsa. Wadda ɗalibi ya zauna a inuwa ya cike da kansa kuwa fes take zuwa. Irin waɗannan ta buga su ba adadi, bakinta alaikum, don a ganinta ba ita ce malamarsu ba.

Ana nan sai autarta ta kai ajin ƙarshe a wannan sashen. Bincikenta a kan teloli ne: me ya sa ba sa cika alƙawari? Saura kwana tara a rufe karɓar kundi, wanda ya makara kuma sai baɗi, ta shigo da takardun tambayoyi ɗari biyu ta dire a tebur.

Inna ta ɗaga goma na sama. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Biro shuɗi, biro baƙi, shuɗi, baƙi, hannu kuwa ɗaya ne, hannun da ita ta koya wa riƙe fensir. Kowane tela kuma amsarsa guda: rashin wutar lantarki. Kunya ta rufe ta, har ta ji kamar kowa a layin yana kallonta.

"Auta, telan da ke ƙofar gidanmu da wane irin keke yake ɗinki?"

"Na ƙafa, Umma."

"To, wace wuta ce ta hana shi gama mini zanena wata biyu?"

Auta ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Kowa haka yake yi. Ke ma kin sani, ke kike buga musu."

Maganar ta soki Inna, domin gaskiya ce.

"Na buga musu, ban musa ba," in ji ta. "Wannan dai ba zan buga ba. Ɗauko mayafinki."

Ta garƙame shagon da rana tsaka, a makon da ɗalibai ke layi har bakin titi. Maƙwabcinta mai ɗaure littattafai ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Ta ce masa a'a, karatu za su.

Kwana shida suka yi suna bin teloli. Wani ya ɗauka masu karɓar haraji ne, ya ce shi baƙo ne a shagon, alhali igiyar awon ɗinki na rataye a wuyansa. Wani ya ce su dawo gobe, suka dawo ya ce jibi. Alƙawarin tela ke nan, ko a kan amsa tambaya. Inna ce ta gano dabarar. Takan zauna a benci ta fara yaba ɗinki, ta taya tsinke zare, sai baki ya buɗe, Auta kuma ta yi ta rubutu. Ƙafafun Inna suka kumbura, ba ta ko nuna ba.

Abin da suka ji bai yi kama da na takardun farko ba. Wata tsohuwar tela ce ta fayyace shi, almakashi a hannunta: "'Yata, in na ce miki ba zan iya gamawa ba sai wata mai zuwa, wurin na kusa da ni za ki, kuma ba za ki dawo ba. In na ce miki jibi, za ki zage ni, amma ni zan ɗinka." Kusan duk haka suka ce, kowa da irin bakinsa. Tsoron rasa mai kawo ɗinki ne ke sa su karɓi abin da ya fi ƙarfinsu.

Teloli arba'in da ɗaya suka samu. Auta ta kalli ɗan tarin ta ce ko a ƙara masa kaɗan daga na da. Inna ta ture tsofaffin takardun gefe. Suka miƙa kundin ana saura awa biyu a rufe.

Ranar da Auta ta je kare kundin a gaban malamai, Inna ta buga shafi ɗaya sau uku saboda kurakurai. Da la'asar sai ga ta, fuska ba yabo ba fallasa.

"Sun ce arba'in da ɗaya ya yi kaɗan, Umma. Sun rage mini maki. Masu ɗari biyu sun fi ni."

"Kin ci dai?"

"Na ci. Awa guda suna tambayata, sauran kuwa minti goma-goma. Babban cikinsu har ya cire tabarau ya ce in sake faɗa masa abin da tsohuwar nan ta ce."

"Wace tambaya ce ta gagare ki?"

Auta ta yi ɗan tunani. "Babu."

Daɗi ya cika Inna. Ta juya ga kwamfuta don a gyara kundin kafin a kai ɗauri. Da ta zo shafin da ɗalibi ke shaida cewa aikin nan nasa ne, shafin da ta buga sau dubbai ba ta taɓa tsayawa ta karanta ba, sai ta janye hannunta. Ta miƙe daga kujerar da ba ta taɓa bar wa kowa ba.

"Zauna," in ji ta. "Wannan ke za ki buga da kanki."