Fuskar da Sadiyya ta Bari a Kafaɗar Hajiya Rabi

Cikin Hausawan Lanham da Beltsville, can ƙasar Turawa, in ka ce Sadiyya za a tambaye ka wacce. In ka ce matar Munzali injiniya, sai mutum ya ɗan yi tunani. Amma kana cewa wadda ta bar fuskarta a kafaɗar Hajiya Rabi, kafin ka rufe baki an fara dariya.

A wajen sunan jikan Hajiya Rabi abin ya faru, cikin zafin watan Yuli na shekarar 2004. Sadiyya zabiya ce, haifaffiyar Fagge, kuma tun tasowarta ba ta san wata kwalliya ba bayan kwalli da man shafawa. Ƙawarta Ajara, 'yar zangon Kumasi mai shagon kitso da kwalliya a Wheaton, ita ta matsa mata a kan yau kam sai an gyara ta. Matsalar ɗaya ce. Duk akwatin Ajara, hodar da ta fi haske kalar soyayyar gyaɗa ce. Ajara ba ta ga abin damuwa a nan ba. Ta shafa, ta ƙara, ta bi har wuya, ta ja gira baƙa wuluk, ta ja baya ta ce da Hausarsu ta Kumasi, "Kin fito paa. Ko Munzali sai ya sake biyan sadaki."

A ɗakin ƙasa na gidan aka yi taron mata, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zaɓi ranar ta mutu. Ana cikin fifita da faranti sai ga Hajiya Rabi ta sauko cikin farin leshi. Sadiyya ta tashi ta rungume ta, ta yi mata barka, ta daɗe tana yi wa jariri addu'a. Da ta ɗago, ga goshi, ga hanci, ga gira biyu, ga janbaki a kafaɗar Hajiya. Waɗanda ke kusa sun rantse har ana gane murmushi take yi.

Hajiya Rabi mutuniyar kirki ce, ita ta fara dariya don kada wata ta riga ta da mugun nufi. Sadiyya ma ta yi dariya, har ta fi kowa. Sai da ta shiga banɗaki ta kusantar da fuskarta ga madubi, don ganinta ba ya nisa, sannan ta ga rabi ƙasa-ƙasa, rabi fari, kamar bangon da aka fara fenti aka fasa. Washegari fuskar ta feso da ƙuraje.

Daga ranar ta sallami hoda. Ta kuma sallami hoto, amma cikin dabara. Duk inda aka jeru, ita ce mai cewa, "Kawo in ɗauke ku." Mutane suna jin kunyar tuna mata cewa ita ce mai ƙarancin gani a wurin, sai su miƙa mata kyamara. Shi ya sa a gidajen Beltsville da dama akwai hotunan Sallah na mutanen da aka yanke wa kai, ko aka ɗauki labule da rabin kunnen maigida. Duk aikin Sadiyya ne.

Sauran rayuwarta kuwa a tsare take. Tana renon yaran likitoci da nas-nas a gidanta, ba ta tuƙi, bas take hawa da laima da baƙin gilashi da malafa a kan mayafi. Yaran da ta rena ba su san akwai wani abu daban a jikinta ba sai sun shiga makaranta an gaya musu.

Zancen dabbobi kuwa ta hanyar 'yarta Afnan ya shigo gidan. Wani hutun bazara aka ba Afnan riƙon zomon ajinsu. Fari ne tas, idonsa ja-ja, da an ɗaga labule sai ya runtse ido ya shige ƙarƙashin kujera. Sadiyya ta daɗe a tsugune tana kallonsa.

Munzali ya leƙo ya ce, "Maman Afnan, kin yi baƙo daga dangi ke nan. Ni dai da barkono nake ganinsa."

"Ka taɓa shi ka ga yadda ake yajin girki," in ji ta.

A wannan hutun Afnan ta gaya mata, da Turanci kamar yadda ta saba amsa Hausar uwarta, cewa irin waɗannan zomaye wasu masu yin kayan kwalliya ke ɗiga wa sinadari a ido don su ga ko yana zafi, kuma farare aka fi so saboda ja ya fi saurin nunawa a jikinsu. Sadiyya ta san yadda ido yake in yana raɗaɗi, ba sai an yi mata bayani ba. Tun daga lokacin, ko sabulu za ta saya sai ta fito da gilashinta na ƙara girman rubutu ta bi bayan kwali, tana neman ɗan hoton zomon da ke nuna ba a gwada kayan a kan dabba ba.

Munzali bai bar ta ta huta ba. Ranar Layya, tana juya soyayyen nama, ya ce, "Rago dai ba shi da lauya a gidan nan."

Ta ce, "Rago an wasa wuƙa, an ambaci sunan Allah, an ci, an ba maƙwabta. Shi zomon me ya yi? Don wata ta ja gira?"

Ya ɗauki tsoka ya yi gaba.

Haka aka tafi har shekarar 2017, da aka sa ranar auren Afnan. Afnan tana tattara tsofaffin hotunan da za a haska a wajen walima sai ta lura da wani abu. Ga ta da babanta a ko'ina, kansa a yanke ko ba a yanke ba. Amma tun tana 'yar shekara goma sha biyu babu hoto ko ɗaya da take tare da uwarta. Ta zo kicin ta tsaya, ta haɗo 'yar Hausar da take da ita, wadda ba ta fito da ita sai magana ta kai magana.

"Mama, in babu ke a hoto, ni ma babu."

Sadiyya ta so ta mayar da abin wasa, ta ga fuskar yarinyar ba ta wasa ba ce. Ta ce to. Amma a ranta ta san ba za ta tsaya kusa da amaryar da aka yi wa ado ba da fuskar da hasken kyamara ke shafewa ya bar mayafi da gilashi kawai. Ba kuma za ta sake sa fuskar wata ba.

Wani likitan fata da ta rena wa 'ya'ya ne ya ce ta gwada hodar ma'adinai, wadda aka yi da niƙaƙƙen dutse, babu mai, babu turare, tana kuma ɗan tare rana. Da ta ji dutse ne sai hankalinta ya kwanta, ta ce ai kwalli ma dutse ne, kakarta da shi ta tsufa. Saura wanda zai ara mata ido, don launi a madubin kanti ba abin da za ta iya tantancewa ba ne. Ta buga wa Ajara waya.

Ajara ta ce, "Ni? Bayan abin da na yi miki?"

"Shi ya sa. Ke kaɗai ce ba za ki yarda a sake ba."

Asabar bayan Asabar suna zagaya manyan kantunan Wheaton. Sadiyya ta karanta bayan kwalba da gilashinta, in babu zomo ta mayar, ko da Ajara tana cewa kalar ta yi. Wani janbaki ya burge su duka biyu, sai aka ga da jan wani ƙwaro aka haɗa shi, aka ajiye. Buroshi mai laushi da mai kanti ta yi ta yabo ashe gashin kurege ne, aka ɗauki na roba. Ajara ta ce ita dai ba ta taɓa zuwa sayen hoda ta koma gida tana tausayin kurege ba sai a kan Sadiyya.

Launin ne ya fi ba su wuya. Sun ɗauka tunda ƙasar Turawa ce, hodar farar fata a ƙofar kanti za a tsince ta. Ashe fari ma iri-iri ne. Na Turawa da yawa yana da ja a ƙarƙashi, in an shafa wa Sadiyya sai ta zama kamar mai zazzaɓi. Nata farin yana da ɗan rawaya, kamar madarar da aka ɗiga wa shayi. Wata mai sayarwa, Olive, mai jan gashi wadda ita ma rana ba ta raga mata, ita ta ce su daina gwadawa a bayan hannu. A shafa layi-layi a muƙamuƙi, a fita waje a duba. Sai ga mata biyu a wurin ajiye motoci, ɗaya riƙe da laima ta runtse ido, ɗaya ta kama haɓarta tana juyawa kamar mai taya akuya.

Sun samu wadda ta ɓace a fatar, suka kawo gida da murna. Munzali ya ɗauke ta hoto da wayarsa, hasken ya walƙa, ya duba, ya yi gyaran murya.

"Faɗi mana," in ji Sadiyya.

"A'a, kyau kam akwai. Sai dai in na gamu da ke a matakala zan yi a'uziyya."

Farin dutsen da ke tare rana shi ke mayar da hasken kyamara, in ya yi yawa mutum ya fito kamar fatalwa. Ajara ba ta karaya ba. Ta samo wata mai ɗan duhu daga kamfanin da ya yi ta farkon, ta riƙa haɗa su a kan farantin shayi, tana rage hannu, har sai da Munzali ya rasa abin kushewa. Gira kuwa an sha gardama. Ajara tana son baƙa, Sadiyya ta ce ruwan ƙasa mai haske, gashin ido kuma a bar mata shi fari yadda Allah ya yi shi. Ajara ta yi ƙunƙuni da Turancin Kumasi, ta bi.

Ranar biki, da la'asar sakaliya, aka tsaya hoto a inuwar wata bishiya a bayan zauren taro. An roƙi mai hoto ya kashe fitilar kyamararsa. Sadiyya ta cire baƙin gilashi ta miƙa wa Munzali, ta tsaya kusa da 'yarta. Da aka nuna mata hoton a bayan kyamara, ta kusantar da shi har hancinta na taɓa gilashin. Ta daɗe. Ta ga wata mata fara mai fararen gashin ido, ta ɗan tsufa, ga amarya ta kwantar da kai a kafaɗarta. Ta ce a ƙara ɗaya, a wannan ta ƙifta ido.

Ana haka Hajiya Rabi ta iso, tana dogara sanda, jikan nan da aka yi wa suna ya riga ya fi ta tsawo. Sadiyya ta nufo ta da hannu a buɗe. Hajiya ta ɗaga sanda ta tsayar da ita, ta zaro hankici daga jaka, ta shimfiɗa a kafaɗa a tsanake, mata suna ta dariya.

"To, yanzu zo, uwar amarya. Na shirya miki."

Sadiyya ta ɗauke hankicin ta ninke, ta mayar mata a hannu.

"Hajiya, ajiye kayanki. Waccan fuskar ta aro ce, shi ya sa na bar miki. Wannan tawa ce, da ita zan koma gida."