Wandunan da Na Kai wa Tela

Telan da ya ɗinka mini kayan aurena, shi ne ya bi mutane yana gaya musu wai ina da ƙanjamau. Ƙarya ya yi mini, kuma a kan ƙaryar nan na rasa ƙafata ta hagu. Zan faɗi yadda aka yi har da nawa laifin, don nawa ma ba kaɗan ba ne.

Ni ba mai dogon karatu ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya. Ni da telan nan ƙauyenmu ɗaya, mota ɗaya ta kawo mu Kaduna muna samari. Shi ya kama keken ɗinki, ya buɗe shago a unguwar Television. Ni na kama sitiyari, na yi shekara ashirin da wani abu ina tuƙa babbar mota a wani kamfani da ke Kudenda. Shi ne babban abokin ango a aurena. Tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa ɗora tef a kuguna sai shi.

A lokacin ni ƙato ne. Tumbina har yana gogar sitiyari, kuma ina alfahari da shi. In mun je gida Kirsimeti, tsofaffi su dafa shi su ce lallai Kaduna ta karɓe ni. Shi kuwa tela in yana auna ni sai ya ɗaga murya don kowa a shago ya ji.

"Arba'in da shida! Oga direba, ka tausaya wa tef ɗina, saura kaɗan ya ƙare."

"Sayo babba mana, matsolo."

A yi dariya. Haka muke.

Sai ƙishirwa ta fara damuna. In sha ruwa, in tsaya fitsari, in sake sha. Tafin ƙafata kuma kamar ina taka auduga. Da aka yi mana gwajin lafiya na ma'aikata, aka tura ni asibiti. Likitar yarinya ce, ba za ta girmi 'yata ta fari ba. Ta duba takarda, ta dube ni.

"Baba, ciwon suga ne da kai, kuma ya daɗe a jikinka. Ƙibar nan ita ke ƙara masa ƙarfi. Dole mu sauke su tare."

Ta rubuta mini ƙwayoyi na safe da yamma, da wata allura mai kama da biro da ake yi a fatar ciki sau ɗaya a mako. Ta ce duk wata in zo ta ɗora ni a sikeli ta duba jinina. Ta gaya mini komai, ba ni da abin da zan riƙe ta da shi. Ta ce zan ji tashin zuciya da farko, abinci zai fita raina, zan rame. Ta ce kullum in duba tafin ƙafata kafin in sa takalmi. Ta ce ko me ya faru kada in daina maganin sai na zo mun yi magana. Sau biyu ta maimaita wannan.

Allurar tana da tsada, 'yata da ke aiki a Abuja ita ke aiko da ita. Na ce wa matata kada kowa ya ji. Ina tsoron kada a kamfani a ce mai ciwon suga ba zai riƙe babbar mota ba. Sannan akwai wani a cocinmu da ke yawo da gorar ruwan shuwaka saboda suga, ni ne kan gaba wajen yi masa ba'a. Ban so a juyo da ita kaina. Sai muka ɓoye allurar a firji, cikin robar man shanu, can baya.

Maganin ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Ni mai cin malmala uku na koma ɗaya, ita ma ba na cinyewa. Fitsarin ya ragu. Na iya sunkuyawa in ɗaure takalmina. Ina hawa mota ba haki. Na yi shekaru ban ji daɗin jikina kamar watannin nan ba, kuma duk wata likita tana cewa, "Yawwa Baba, haka nake so."

Wanduna suka fara zamewa. Na huda bel da ƙusa har na gaji, sai na kwashe su na kai wa tela ya rage. Karon farko ya yi dariya, ya ce ko madam ta fara yi mini rowar tuwo ne. Karo na biyu bai yi dariya ba. Karo na uku ya zagaya tef, ya duba, bai faɗi lambar da ƙarfi ba. Ya kalli wuyana, ya kalli kumatuna.

"Mutumina, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

"Ka san doguwar hanyar nan da kuke bi, kuna kwana a garuruwa..."

"Ɗinki na kawo maka, ba hira ba."

Kuskurena na farko ke nan. Da na ce masa suga ce, likita ce ke rage ni da gangan, da magana ta mutu a shagon nan. Ban faɗa ba. Girman kai ya hana ni.

A watan ne zumuntar maza ta cocinmu ta fitar da anko na taron shekara, kuma shi aka ba ɗinkin. Cikin mako biyu kowane namiji a ƙungiyar ya tsaya gabansa ya ɗaga hannuwa an auna shi. Yana awo yana ba da labarina. Daga baya wani dattijo ya gaya mini yadda yake cewa: sau uku yana rage wandon mutumin nan, inci takwas, kuma kun dai san direbobin doguwar hanya.

Ni ban san komai ba sai ranar mitin. Mu a zumunta tire ɗaya muke sa hannu mu huɗu ko biyar, kofin ruwa kuma yana zagayawa. Ran nan aka kawo mini nawa a faranti daban, da cokali, da kofi sabo. Na ɗauka girmamawa ce. Da aka zo addu'ar rufewa, shugaban ya ce, "Ya Ubangiji, ka tuna da ɗan'uwanmu da ke cikin gwaji. Ka gafarta masa abin da ya ɗauko a hanya, ka kare iyalinsa." Na buɗe ido in ga wane ne. Rabinsu idonsu a buɗe, ni suke kallo.

Matata tana sayar da kunun zaƙi da zoɓo a kasuwar Narayi. Kwana uku bayan haka ta dawo da robobinta cike, ta zauna a ƙofar ɗaki tana kuka. Wata ta tambaye ta a gaban mutane ko ita ta je an gwada ta.

"Baban yara, ka ɗauki katin asibitin nan ka kai mitin ka karanta musu. Shi ke nan fa."

"Ni? In tsaya gaban maza ina nuna takarda kamar wanda aka kama da sata?"

"To ni zan kai."

"Ki taɓa katin nan ki gani."

Na ce da jikina zan ba su amsa. Tun da rama ce shaidarsu, to zan mayar da tumbina su ji kunya. Na daina allurar. Ƙwayoyin ma na daina, don ban san wanne ne ke ramar da ni ba. Na daina zuwa asibiti. Sau biyu nas ɗin likitar ta kira wayata, ina kallo har ta katse. 'Yata na ce mata likita ta ce na warke, ta daina aikowa. Matata ta yi magana har ta gaji, na ce in ta sake zan kai ta gidansu.

Na koma ci kamar ina gaba da abinci. Sakwara, tuwo, burodi da shayi mai sukari cokali huɗu. In na taso aiki sai in bi ta Television, in zauna a bencin da ke kallon shagon tela, in sha lemo kwalba biyu yana gani. Ban san ƙiba tana dawowa da sauri haka ba. Bayan wata shida na kwashe wandunan na zube masa a tebur.

"Buɗe su."

Shi dama ba ya yanke yadi in zai rage, naɗe rarar yake yi a ciki. Sai ya farke ɗinkin kawai, wanduna suka koma yadda suke. Ya zagaya tef, ya ɗaga murya.

"Arba'in da biyar! Allah mai iko. Mutumina, ashe ka warke!"

Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. A mitin aka mayar da ni tire. Shugaban ya ce Allah ya amsa addu'a, har ya so in ba da shaida. Aka koma sayen kunun matata. Na riƙa tafiya ina tura ciki gaba, ina jin na ci nasara. Ƙishirwar ta dawo, fitsarin ya dawo, ƙafafuna suka mutu murus, duk na ce ba komai. Sama da shekara ina haka.

Wata rana a filin lodi ƙusa ta huda takalmina ta shiga tafin ƙafata ta hagu. Ban ji ba. Na tuƙa mota yini guda a haka. Matata ce ta ga jini a cikin takalmin. Ta ce asibiti, na ce a'a. Gaskiyar magana kunyar likitar nake ji, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Na sayi hoda a kemis, ina gasawa da ruwan zafi, ina ɗaurewa da tsumma in sa safa in tafi aiki. Har sai da ɗakinmu ya fara wari, babban yatsan ƙafar ya yi baƙi, zazzaɓi ya kayar da ni. Ɗaukata aka yi zuwa asibiti.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta buɗe tsumman, ta daɗe tana kallo.

"Baba, me ya sa ka daina?"

Na gaya mata duka, har faranti da kofi. Ta ce, "Ko da ciwon da suka ce ɗin ne, ai masu shi suna nan suna shan magani suna aikinsu. Kai kuma ka bar naka maganin don a ba ka tuwo a tire."

 

Suka cire yatsan. Bai tsaya ba, suka cire rabin tafin. Bai tsaya ba, suka yanke ƙasa da gwiwa. Ƙafar hagu ce, ƙafar kuloci. Aikina ya ƙare a teburin nan.

'Yan zumunta sun zo dubiya, cikin ankon nan ma. Tela yana cikinsu, ya kawo mini kwalaben lemo. Na juya fuskata bango har suka tafi.

Yanzu na koma kan ƙwayoyin da allurar, ina zuwa duk wata kamar yadda aka ce tun farko. Na sake ramewa, ba wanda ya ce uffan, don kowa ya ga ƙafar. Wani lokaci ina zaune in ji tafin da babu yana ƙaiƙayi, in kai hannu in sosa iska. Abin da ya fi cin raina shi ne matata. Ita ce ta faɗi daidai tun ranar farko na yi mata tsawa, kuma ita ce yanzu ke durƙusawa kowace safiya tana naɗe ƙafar wandona tana maƙale ta da fil. Ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba.

Wata Asabar da safe fil ɗin ya soke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Na ce ta bari. Na sa ta zuba mini wandunan a jaka, na ɗauki sandunana, na tari keke napep zuwa Television.

Akwai mutum uku a shagon, biyu 'yan zumunta ne. Tela yana ganina ya miƙe, ya jawo kujera.

"A'a, Oga direba! Da ka aiko ai da na zo gida. Zauna, zauna."

"Ba zama na zo ba. Ɗauko tef ɗinka."

Ya ɗauko.

"Auna daga kugu zuwa inda ta tsaya."

Ya durƙusa. Tef ɗin ya suɓuce masa, ya sake kamawa. Ya duba lambar, ya faɗe ta ƙasa-ƙasa.

"Faɗi da ƙarfi mana, yadda ka saba."

"Mutumina, don Allah. Ni damuwa ce ta sa, ban yi nufin..."

"Tsaya in gama. Ciwon suga ne da ni tun ranar farko, likita ce ke rage ni. Ka tambaye ni na ƙi gaya maka, wannan nawa ne. Na bar magani don in burge ku, shi ma nawa ne, da shi nake kwana nake tashi. Amma kai ka tsaya a bayana ranar aurena. Ka san ƙofar gidana, ka ci tuwon matata ba adadi. Ba ka tako ka sake tambayata ba, ba ka tambaye ta ba, sai ka bi maza ɗaya ɗaya kana auna su kana sayar da ni. Ga wanduna bakwai nan. Ka yanke ƙafar hagu ta kowanne, da hannunka. Kuma kada ka naɗe rara a ciki yadda ka saba. Yanke ta ka yar. Wannan karon ba zan dawo in ce ka buɗe ba."