Shekarar Da Malaminmu Ya Shiga Rijiya

Shekaranjiya jikata ta jiƙa kaba a ƙwarya za ta yi faifai, warin ya biyo iska ya same ni a ƙofar ɗaki. Kai mai karatu, in ba ka taɓa shaƙar jiƙaƙƙiyar kaba ba, da wuya in kwatanta maka. Wani ɗan tsami gare ta, irin na ciyawar da ta kwana cikin ruwa. Ni dai ina jin sa gabana ya faɗi, har yarinyar ta tambaye ni ko jikin ne. Na ce ta yi aikinta ta daina sa mini ido. Ƙanen mahaifina na tuna, wanda muke ce wa Baba Ƙarami a gida, a makaranta kuma Malam.

Garinmu ɗan ƙauye ne a Damargu, tsakanin Tanut da Ollelewa. Rijiya ɗaya gare mu, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san irin rijiyoyinta. In ka saki tsakuwa sai ka gaji da saurare kafin ka ji ta taɓa ruwa. Hannu ba ya jan gugan, sai takarkari: a ɗaura masa igiya, yaro ya kora shi har ya yi nisa, sannan guga ya leƙo. Itacen da aka gindaya a bakin rijiyar duk igiya ta cinye shi, ta yi masa ramuka masu santsi. Mu yara an hana mu matsawa kusa, saboda haka babu abin da muke so kamar matsawa.

Baba Ƙarami a Damagaram ya yi karatu. Ya dawo da Alƙur'ani a ka tun gemunsa bai gama yanke shawarar fitowa ba. Siriri ne, mai saurin dariya, tsofaffin gari suna tsokanarsa wai an aiko musu malami ba a gama dafa shi ba. Shi ne autan kakarmu, ita kuwa ba ta ɓoye cewa ta fi son sa. Da hantsi muke taruwa gindin aduwa da allunanmu. Zai zauna ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsansa, ƙwaryar jiƙaƙƙiyar kaba a gefe, hannu na tufka baki na biya mana karatu. Ba ya duban allon kowa. Yana iya ba ka baya, amma ka karkace harafi ɗaya sai ka ji silin kaba a wuyanka. Ni ce ƙarama a cikinsu, ina can ƙarshen layi, ban wuce gajerun surori ba.

In an gama girbi sai ya ɗora wa jaki igiyoyinsa ya nufi rijiyoyin wajen Belbeji, inda Fulani da Abzinawa ke shayar da dabbobi. Yana sayar musu da igiya, yana koya wa ƴaƴansu abin salla, ya bi su daga wannan mashaya zuwa waccan. Ya kan dawo ya yi baƙi ƙirin, da cuku a jaka da labarai a baki. Ni cukun ya fi damuna, ban taɓa ɓoyewa ba.

A wannan shekara da nake ba ka labari, Faransawa ba su daɗe da zama a Tanut ba. Masu jar hula, wato dogaran Faransawa, suka zo daga bariki suka kwashe mazan garin zuwa aikin dole, har da mahaifina. Baba Ƙarami ya tsira ne don yana can wajen makiyaya. Da ya dawo ya tarar da gari sai mata da yara da tsofaffi. Bazara ta kama, irin wadda ƙasa ke ƙona tafin ƙafa tun rana ba ta yi tsaka ba. Sai gefen rijiya ya zube daga can ciki. Guga ya fara fitowa da ruwa ja, daga baya rabi laka, daga baya laka zalla.

Ba na son tuna ƙishirwar nan. Kaka ta riƙe ludayi da kanta, kowa ya zo ta auna masa. Aka koma taimama. Awaki suka yi ta kuka har muryarsu ta dishe. Mata suka riƙa zuwa rijiyar wani ƙauye mai nisa da jakuna, su tafi da asuba su dawo da la'asar, masu rijiyar kuma suka fara haɗe fuska. Mai gari ya tara tsofaffi ya ce abu biyu ne: ko a yashe rijiya, ko a tashi. Tashi kuwa yana nufin a bar rumbunan gero da ba mu da dabbobin ɗaukarsu, mazanmu su dawo su tarar da kango.

A garinmu ba a zura mutum rijiya sai da sabuwar igiya, kuma wanda ya tufka ta shi ake fara ɗaurawa. Iyayenmu sun yi haka ne don kada mai igiya ya yi ha'inci. A shekarun lafiya abin ba ya da wuya: a zura shi zuwa rabi, a jawo shi, a yi masa dariya, sannan masu yasa su shiga. To mai tufka mana igiyar zura mutum yana bariki, masu yasa ma suna can. Baba Ƙarami ne ya tufka, kuma babu wanda zai karɓe shi. Wani tsoho ya ce ba a sa mai Alƙur'ani a ka cikin rami. Baba Ƙarami ya yi dariya ya ce igiya ba ta san malami ba, shi ya tufka, shi zai shiga. Kaka ta miƙe. Ta ja igiyar zuwa inuwa ta bi ta da yatsunta gaba bayan gaba, daga farko har ƙarshe, tana neman inda za ta ce ba ta yi ba. Ba ta samu ba.

Da safe gari duka ya hallara. Aka fara zura zakara a cikin kwando, don ƙasan tsohuwar rijiya yana da wata muguwar iska da ke kwantar da mutum ba tare da ya sani ba. Da aka jawo shi yana da rai, amma baki buɗe, ido rabi a rufe.

Mai gari ya ce, "To, ai ya rayu."

Kaka ta ce, "Ya rayu, amma dube shi."

Na ga Baba Ƙarami yana ɗaure wandonsa, ɗaurin farko bai kama ba har sai da ya sake wani. Tun daga lokacin na tsani mai gari, ko da yake yanzu na san shi ma ba shi da yadda zai yi.

Da wannan zurfi, ko mutum ya girgiza igiya ba a ji a sama. Shi ya sa Baba Ƙarami ya ce a kawo masa ɗalibansa. Zai riƙa biya mana karatu daga ƙasa muna amsawa, kamar kowace safiya. Ya dubi mai gari ya ce, "Baba, muddin kuna jin muryata ku bar ni in yi aiki. In na yi shiru, ku ja." Aka kwantar da mu rub da ciki a bakin rijiya, mata suka riƙe mana ƙafafu. Kaka ce ta riƙe nawa, riƙon da har ya bar mini shaida. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu da cinyoyi, aka zura shi, ina kallon tsakiyar kansa har duhu ya haɗiye shi.

Can muka ji muryarsa ta taso, ta yi kauri, kamar ba tasa ba. Ya biya, muka amsa. Aka zura guga da tsohuwar igiya, ya cika, aka jawo, aka zubar. Haka aka yi ta yi. Rana ta ɗaga, ƙasa ta fara ƙona mana ciki, maƙogwaronmu ya bushe, amma babu wanda ya yi ƙorafi. Yashin da ke fitowa ya fara danshi, ya koma laka mai nauyi, har wani guga ya fito yana ɗigar ruwa. Mata suka fara hamdala ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kunnena yana cikin rami, kuma abin da nake ji bai yi mini daɗi ba.

Muryar ta fara ja. Tsakanin aya da aya sai ya daɗe, mu riƙe numfashi, har mai gari ya ɗaga hannu zai ce a ja, sai kuma ya ci gaba. Guga ya sauka ya daɗe bai motsa ba. Daga nan ya tsaya a kan aya ɗaya. Ya biya ta, muka amsa, ya sake biya ta, muka sake amsawa. Haka yake yi wa yaro mai taurin kai, saboda haka muka ɗauka mu ne ba mu faɗa daidai ba, muka ƙara ɗaga murya.

Kaka ta matse mini ƙafa. "Ke, me yake cewa?"

"Abu ɗaya yake ta maimaitawa, Kaka."

Ta miƙe tsaye ta ce a ja. Mai gari ya ce, "Iya, bai yi shiru ba. Shi da bakinsa ya ce sai ya yi shiru. Saura kaɗan ruwa ya ɓalle, in muka fito da shi yanzu wa zai koma?"

"Ni na haife shi," in ji ta. "Bakin ne kawai ke tafiya. Ku ja."

Ba ta jira kowa ba, ta fizge sanda daga hannun yaron da ke riƙe da takarkari ta zabga wa dabbar. Takarkarin nan ya kwana biyu bai sha ya ƙoshi ba. Ya yunƙura, ya yi ɗan taku, sai ya durƙusa. Igiya ta koma baya kaɗan, na ji wata mata ta saki salati. Sai matan gari suka yi kan igiyar gaba ɗaya, da masu ciki da masu goyo, da tsofaffin da ko tulu ba sa iya ɗauka. Igiya ta shiga kuka a kan itacen, zaren kaba na tashi, har ƙauri ya fara fita. Mahaifiyata ta ɗauki ɗan ruwan lakar da aka samu ta juye a wurin, babu wanda ya ce mata don me. A cikin wannan ja muryar ta ɗauke. Mu yara muka ci gaba da amsa ayar, don ba mu san abin da za mu yi ba in mun daina.

Ya fito a naɗe, kai da ƙafafu suna reto, leɓensa ya yi fari kamar toka. Aka shimfiɗa shi gindin aduwa, ana yi masa fifita da faifai. Kaka ta ɗora kansa a cinyarta tana kiransa da sunan da take kiransa yana jariri. An daɗe kafin ƙirjinsa ya ɗaga. Ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido bai san kowa ba.

Washegari guga ya fito da ruwa. Ba mu tashi daga garin ba. Da damina ta faɗi mazanmu suka dawo a rame, suka tarar da gari da rumbunansa.

Baba Ƙarami kuwa ya tashi ƴan kwanaki bayan fitowarsa daga rijiyar. Ya gane mu, ya ci tuwo, hannunsa ya koma tufka kamar ba abin da ya faru. Ranar da ya shiga gaba zai ja salla ne aka gane. Ya fara, ya kai tsakiya, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wurin, har wani tsoho ya karɓa daga baya. Karatun ya tafi. Abin da ya kwashe shekaru yana tarawa a Damagaram ya saura guntu-guntu, nan aya can aya, ba ya iya haɗa su. Kaka ta nemo rubutu da turare har ta gaji. Bayan girbi wani Bafulatani ya zo da cuku yana tambaya yaushe malam zai zo musu. Baba Ƙarami ya ba shi igiya biyu, ya ce ya gai da yaran.

Wani dattijon malami daga ƙauyen kusa ya riƙa zuwa yana duba mu. Wata safiya muna gindin aduwa sai ga Baba Ƙarami da ɗan ƙaramin allo da ya sassaƙa da kansa. Manyan yara suka yunƙura za su ba shi wurinsa, ya girgiza kai. Ya wuce har ƙarshen layi ya zauna a ƙasa kusa da ni. Kowa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ƴata, biya mini daga farko." Na biya masa, da irin muryar da ya koya mini, hawaye na shiga mini baki. Ya amsa. Da haka ya samu abin da zai yi salla da shi, bai wuce nan da yawa ba har ya tsufa.

Yanzu rijiyar siminti ce a wurin, har an kafa fanfo kusa da ita. Yara su buɗe shi su tafi wasa ruwa na malala, in na yi faɗa a ce tsohuwar nan ta cika masifa. Haka ne, na cika. Waɗanda suka riski Baba Ƙarami sun san shi ne a matsayin tsoho mai igiya, mai jinkirin magana, wanda ke tsayawa sahun baya a masallaci. Ni kaɗai na saura a garin nan da na taɓa jin ya ɗauko Alƙur'ani da ka ya kai shi ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. In na faɗa wa jikokinsa, sai su yi murmushi su ce tsufa ya fara taɓa ni.