Huɗun Anti Sikeli

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da bakin faɗa: matar nan son tsari ya yi mata yawa. Tun muna yara, in ka ajiye takalmi a karkace sai ta gyara shi kafin ta amsa gaisuwarka. Ta karanci aikin jinya, aka ba ta ɗakin awon jarirai a wani ƙaramin asibiti, ta zauna a nan har furfura ta fito mata. Masu jego suka laƙaba mata Anti Sikeli. Ni kuma ina tagar ba da magani, bango ɗaya ne tsakaninmu, duk faɗan da take yi a kunnena yake sauka.

A da, kafin ta ɗora yaro a sikeli sai ta ɗauke shi ta ɗan jinjina, ta ce, "Kai, wannan ya sha nono!" Ko kuma ta ɗaure fuska ta tsare uwar da tambaya. Da aka kawo kwamfuta sai hannunta ya koma can. Uwa ce ke ɗora ɗanta, Yaya ta leƙa sikeli, ta shigar da nauyin cikin wani jadawali mai gida-gida, kowane yaro da layinsa, kowane zuwa da gidansa.

To, jadawalin nan ya tsaya mata a rai. Lambobi ga ɗigo ga wutsiya, kuma sai ta yi ta ja gefe kafin ta ga ƙarshen layi. Rannan ta kama gidajen ta matse su har komai ya shigo fuskar kwamfutar a lokaci ɗaya. Ashe in gida ya yi ƙunci, kwamfuta daina nuna abin da ke bayan ɗigo take yi, ta nuna cikakkiyar lambar da ta fi kusa. Ainihin nauyin yana nan a ciki, ido ne kawai ba ya ganinsa. Yaya ta lura da hakan sarai, har daɗi ta ji. Ta ce ɗan abin da ke bayan ɗigo me zai ƙara, me zai rage?

Akwai wata mai haihuwar fari, siririya, ba a jin muryarta sai an matso. Kowane mako tana kawo ɗanta. Ta bango na ji ta ce, "Anti, ni dai gani nake kamar yana ramewa."

"Ramewa? Zo ki gani da idonki. Kilo huɗu, huɗu, huɗu, yau ma huɗu. Bai ragu ba. Ku yaran yanzu, yaro ya yi atishawa sai ku ɗora hannu a ka."

Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya. Yarinyar ta goya ɗanta, har da cewa, "Yi haƙuri, Anti."

Mako na gaba ba ta shiga ɗakin awo ba, wurin likita mijinta ya kai su kai tsaye, yaron ko kukan kirki ba ya iyawa. Likitar ta zo ɗakin Yaya da kanta, uwar na biye da ita rungume da yaron, ni ma na biyo baya da ƙwayoyin wani a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Layin yaron ta nema, ta ja gidajen suka buɗe. Huɗu da ɗigo huɗu. Huɗu da ɗigo ɗaya. Uku da ɗigo takwas. Uku da ɗigo biyar. Kusan kilo guda ya zube daga jikin ɗan mitsitsin yaro, duk a ƙarƙashin huɗun Yaya.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ni da ba ni na yi ba. Yaya kuwa ta miƙa hannu ta karɓi yaron daga uwarsa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Tana ɗagawa na ga fuskarta ta canza.

Uwar ta ce, "Ko da surukata ta yi magana, ce mata na yi Anti ta ce lafiyarsa ƙalau."

Aka kwantar da yaron, aka gano abin da ke hana shi riƙe nono, Allah ya sa da sauran kwana. Ba a kori Yaya ba, ba a ko rubuta mata takarda ba. Ita ce dai ta daina faɗa. A gida sai in tarar da takalma a watse bakin ƙofa, ta tsallake su ta wuce. Jadawalin ya koma da faɗinsa da wutsiyoyinsa, mummuna kamar da, kuma kowane yaro sai ta ɗauke shi kafin ya hau sikeli.

Bayan an sallame su yarinyar ta dawo awo. Na ɗauka wani asibitin za ta koma, amma ta bi layi ta zauna a bencin nan da aka yi mata dariya. Da aka zo kanta, Yaya ta karɓi jaririn ta ɗan jinjina shi. Ta ɗora yaron, ta leƙa sikeli, ta ce, "Ya kai huɗu."

Yarinyar ba ta ɗauki ɗanta ba. A hankali, cikin ladabi, gaban duk matan ta ce, "Anti, don Allah karanta min har da na bayan ɗigon."